OneCoin da Takardar Halas



A shekarar 2014 wata 'yar ƙasar Bulgeriya, Ruja Ignatova, ta fito da kuɗin intanet mai suna OneCoin. A 2016 ta tsaya gaban dubban mutane a Landan tana alwashin kuɗinta zai binne Bitcoin. Alhali kuwa babu kundin ciniki da kowa zai iya dubawa, irin wanda Bitcoin ya ginu a kansa. Lambobi ne kamfanin ke rubutawa yadda ya ga dama, ribar na farko kuma daga aljihun na baya take fitowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka ɓullo wa Musulmin Birtaniya: an riƙa nuna musu takarda wai harkar ta dace da Shari'a, sai ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwansa. A fahimtata, hatimi ba ya kawar da gharari matuƙar mai saye bai san abin da ya saya ba.

A Oktoban 2017 ta hau jirgi daga Sofiya zuwa Atina, ta yi ɓatan dabo. Hukumomin Amurka sun ce dukiyar da aka damfara ta haura dala biliyan 4. Abokin harkarta, Sebastian Greenwood, an ɗaure shi shekara 20 a 2023.