Tsibirin Hirta, inda mutane suka rayu da naman tsuntsu

Wani mai sauraronmu, manomi, ya aiko da takarda yana tambaya: shin gaskiya ne a ƙasar Turawa akwai tsibirin da mutanensa suka kwashe kaf rana ɗaya suka bar shi?

To malam, gaskiya ne. Sunan tsibirin Hirta, shi ne babba cikin 'yan tsibiran da ake kira Sant Kilda, a tekun Atlantika, yamma da Sikotland ta ƙasar Birtaniya. Tsakaninsa da tsibiri mafi kusa mai mutane kimanin kilomita 64 ne, ruwa zalla. Wuri ne na duwatsu da iska, babu bishiya. Akwai dutsen da ya miƙe daga bakin ruwa har mita 430.

Mutanen wurin harshen Galik suke yi. Suna ɗan noman sha'ir da dankali, suna kiwon tumaki da shanu, amma babban abincinsu tsuntsayen teku ne. Namiji zai ɗaura igiya a ƙugu, ɗan'uwansa ya riƙe daga sama, ya sauka gefen dutse ya kamo tsuntsaye da ƙwai. Naman sai a shanya shi a rumbunan dutse, waɗanda sama da dubu suna nan har yau. Man tsuntsu shi ne man fitilarsu, gashinsa kuma da shi suke biyan mai tsibirin kuɗin ƙasa. Kullum da safe, ban da Lahadi, magidanta kan taru a bakin hanya su yanke aikin ranar, abin da aka kamo a raba gida-gida.

Wani marubuci, Martin Martin, ya je can a 1697, ya kuma rubuta al'adunsu. Ya ce saurayi mai neman aure sai ya hau wani dutse a bakin rami mai zurfi ya tsaya da ƙafa ɗaya, don a san ya cancanci mace. Akwai kuma wani dutse da suke zuba wa madara saboda wani iska mai suna Guruwagak, wai shi ke tsare musu shanu. A wani kwari akwai tsohon ɗakin dutse da suke cewa na wata jaruma ce mai farauta da karnuka. Wajen 1840 ma, wasu maza sun kama wani babban tsuntsu marar tashi, da guguwa ta taso suka ce maye ne, suka kashe shi. Irinsa ya ƙare a duniya ba da daɗewa ba.

To me ya tashe su? Da farko cuta. A 1727 annoba ta kashe yawancin mutanen. Maza 3 da yara 8 da aka kai wani dutse farautar tsuntsu suka yi kusan wata tara a can, don babu mai tuƙo jirgi ya ɗauko su. Sai kuma ciwon da suke kira na kwana takwas, wato tetanos, wanda ke shiga jikin jariri ta cibiya. Ya ci jarirai da yawa, sai a shekarun 1890 da aka gyara yadda ake kula da cibiya ya lafa. Iyaye mata, a lura da wannan.

Na biyu, tafiyar samari. A 1852 mutum 36 suka nufi Ostireliya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu ma suka bar tsibirin. Hawan dutse kuwa aikin mai jini a jika ne, tsoho ba ya iyawa. Da hannu ya yi kaɗan, abinci ya yi kaɗan.

A 1930 da kansu suka rubuta wa gwamnati a kwashe su. Ranar 29 ga Agusta jirgin ruwa ya ɗauki mutum 36 da suka rage. Abin mamaki, yawancin mazan aikin dashen itatuwa aka ba su, su da ba su tashi da bishiya ba. Ta ƙarshe cikinsu, Rachel Johnson, ta rasu a 2016 tana da shekara 93.

A 1986 hukumar UNESCO ta sa Sant Kilda cikin wuraren gadon duniya. Yanzu ba mai gida a can sai ma'aikata da ke zuwa su koma, da tumakin da suka zama na daji. Gari ba ya tsayawa sai da samarinsa. Allah Ya raya mana ƙauyukanmu, amin.