Makaɗi a jami'a: daga Mahaman Garba zuwa Akin Euba

A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Daga Gabi har Katsina, makaɗi ganga yake gada wajen ubansa, ɗan malam kuwa allo, kuma ba a saba ganin mutum guda ya riƙe biyun ba. Shi ya sa aka daɗe baƙi ne ke rubutu a kan kiɗanmu. Ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 ya isa misali.

A Nijar, Mahaman Garba, ɗan Kornaka, yana cikin na farkon da suka ƙetare wannan iyaka. Mawaƙi ne, ya kare kundin doktora a Sitrasbur a 1992 a kan kiɗan Hausawan Nijar, ya kuma shugabanci cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai.

Amma wanda ya haɗa tsara kiɗa da ganga da bincike da koyarwa gaba ɗaya shi ne Akin Euba, Bayarabe, haifaffen Legas a 1935. A Landan ya koyi fiyano da tsarin kiɗan Turawa. Daga baya ya koma ga gangar gida: kundinsa na doktora (Jami'ar Gana, 1974) a kan dundun yake, wato ƴar uwar kalangunmu.

A nan ne masanin harshe zai tsaya. Dundun da kalangu magana suke yi: makaɗi ya matsa igiyoyi sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin karin sautin kalmomi. Yarabanci karin sauti uku gare shi. Hausa biyu, sai faɗau, ga kuma tsawon wasali da tilas makaɗi ya kiyaye. Wanda bai ji harshen ba yana iya rubuta bugun, amma kirarin ya wuce shi. A ganinmu, wannan ne ya kai Euba ga bugun fiyano irin na ganga, da wasansa na waƙa mai suna Chaka (1970), bisa waƙar Senghor.

Ya koyar a Ife da Legas, ya yi aiki a Bayreuth ta Jamus. Abin lura, kujerarsa ta ƙarshe ba a Afirka take ba: a Pittsburgh ta Amurka ce, daga 1993 zuwa 2011. Ya rasu a 2020.