Injin Da Babu Fistan: Daga Jamus Da Hiroshima Zuwa Garejin Kawu A Birnin Kudu

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba. Yau maganar inji za mu yi, amma wanda bai san kan mota ba kada ya gudu, don ni ma ba bakanike ba ne. Yaron gareji ne na lokacin hutun makaranta, mai miƙa sifana da wanke noti a cikin fetur.

Garejin na ƙanin mahaifiyata ne, a bakin titi a Birnin Kudu. Wata rana da yamma aka jawo mana wata jar mota da igiya daga hanyar Gwaram, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mazda RX-8 ce. Mai ita saurayi ne, ya saye ta ta hannu a Kano, ya tafi da ita biki Gwaram don a gan shi, kuma an gan shi ɗin. Ya tsaya sallar la'asar ya kashe ta, ya dawo ta ce ba ta san zancen ba. Sai da ta huce sannan ta tashi. Ya sake tsayawa shan mai, ta sake ƙi, daga nan kuma ba ta ƙara tashi ba.

Kawu ya ɗaga bonet ya ƙirga fulogi huɗu, ya ce to, silinda huɗu ce. Ya nemi tofsilinda, babu. Ya nemi inda bawul suke, babu. Mutumin da ya shekara sama da talatin yana sauke injin Peugeot da Golf ya tsaya riƙe da ƙugu, sannan ya juyo ya ce min, "Kai ɗan boko, zo ka duba min a wayar nan taka, wannan wane irin inji ne?" Binciken da na fara ranar shi ne ya zama shirin yau.

Injin da muka sani, na babur ne ko na ban ruwa ko na Sharon ɗin da ke lodi a tasha, duk fistan ne yake hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Wannan kuwa babu hawa babu sauka. Ku ɗauko kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, ku kalli siffar cikinsa, haka ɗakin injin yake. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, kamar samosar da ta kumbura, ana ce masa rota. Yana juyawa yana mulmulawa, kusurwoyinsa uku suna shafar bango koyaushe, sai ya raba ɗakin gida uku: nan ana shaƙar iska da mai, can ana matsawa ana kunna wuta, can kuma ana fitar da hayaƙi, duk a lokaci guda. RX-8 rota biyu gare ta, kowane da fulogi biyu, abin da ya ruɗi Kawu ke nan. Injin ƙarami ne, lita 1.3 kacal a takarda, amma yana iya juyi 9,000 a minti ɗaya ba tare da jijjiga ba.

Wanda ya ƙirƙiro shi wani Bajamushe ne, Felix Wankel, an haife shi a 1902. Bai yi jami'a ba, kuma abin dariya, har ya rasu a 1988 bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba saboda raunin ido. Ba zan wanke shi ba, ya shiga jam'iyyar Nazi tun farkon shekarun 1920, ya yi wa jiragen yaƙin Jamus aiki, kuma bayan yaƙi Faransawa sun tsare shi na wani lokaci. Ƙwarewarsa ta asali ita ce toshe kafa, wato yadda za a hana iska da mai tsiyaya tsakanin ƙarfe biyu masu motsi. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa ya rataya.

A 1957 injinsa na gwaji ya tashi a kamfanin NSU, wanda a lokacin aka fi sani da babura. Duniyar masu ƙera mota ta rikice. General Motors, Mercedes, Citroën, kowa ya zo neman izini, ana ganin kwanan fistan ya ƙare. NSU ta fitar da ƙaramar mota Spider a 1964, sannan a 1967 ta fitar da Ro 80, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1968.

Sai matsala ta ɓullo daga wani ɗan siririn ƙarfe. A bakin kowace kusurwa ta rota akwai sil, kaurinsa milimita biyu zuwa uku, shi ne yake aikin da ringi ke yi a jikin fistan. Sai dai ringi yana kwance a cikin silinda zagayayye, baƙin mai na wanke shi. Shi kuwa wannan sil ɗin bakinsa kaɗai ke gogar bango, cikin wuta, da gudu. A motocin Ro 80 na farko yana cinyewa tun mota ba ta yi tafiyar kirki ba. NSU ta riƙa canja wa mutane inji kyauta har aljihunta ya huje. Ana ba da labari, ko gaskiya ko ba'a, wai in masu Ro 80 biyu suka haɗu a hanya, yatsu suke ɗaga wa juna don nuna inji nawa aka canja wa kowa. A 1969 Volkswagen ta saye NSU ta haɗe ta da Auto Union, abin da ya zama Audi ta yau.

Yanzu mu tsallaka Japan. A birnin Hiroshima akwai kamfanin Toyo Kogyo, masu Mazda, waɗanda suka fara harkar mota da ƙera a-kori-kura mai ƙafa uku. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Japan na son ta haɗe ƙananan kamfanonin mota a ƙarƙashin manya. Shugaban kamfanin, Tsuneji Matsuda, ya ga in ba su da wani abu nasu na daban, haɗiye su za a yi. Ya sayi izinin injin Wankel a 1961. Da suka gwada, sai suka tarar sil ɗin yana karce bangon ɗakin, yana barin wasu layuka da injiniyoyin suka laƙaba wa suna yakushin shaiɗan.

A 1963 aka ware injiniyoyi 47 ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, aka ce su nemo magani. Nan ne ni labarin ya fi kama ni. Ba wani sabon tunani suka kawo ba, tunanin na Wankel ne. Abin da suka yi shi ne naci. Shekara da shekaru suna gwada abu bayan abu a bakin kusurwar nan, ƙarfe iri-iri, har ƙashin dabba an ce sun gwada, su haɗa inji, su ƙona shi, su kwance, su sake. A ƙarshe suka dace da haɗin gawayin kabon da alminiyom, kuma a watan Mayun 1967 Cosmo Sport ta fito. Jamus ta haifi injin, amma Hiroshima ce ta yi rainonsa.

Sai 1973 ta zo. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba, ƙasashen Larabawa suka rufe famfo, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu. Shi kuwa injin rota mashayi ne, don ɗakin da wuta ke ci a cikinsa dogo ne siriri, mai ba ya ƙonewa duka, zafi na tsiyayewa ta bango. General Motors ta janye. Mazda ta kusa durƙushewa, sai da bankin Sumitomo ya tallafe ta. Citroën kuwa ta fitar da tata motar mai rota, GS Birotor, daidai lokacin da rikicin ya ɓarke. Ba ta sayar da ko dubu ɗaya ba, daga baya ma ta riƙa bin masu motar tana sayewa tana rusawa don kada ta ɗauki nauyin kayan gyara. Asarar na cikin abubuwan da suka kayar da Citroën, Peugeot ta fara karɓe ta a 1974.

To ku duba yadda abin ya zagayo gidanmu. Tsadar man da ta karya injin rota a Turai ita ce ta cika baitulmalin Najeriya. Zamanin Gowon ne, an yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikaci na neman mota. A 1975 kamfanoni biyu suka fara harhaɗa motoci a ƙasar nan: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas. Wato su biyun da suka haɗiye kamfanonin da rota ya raunata, su ne suka zo mana, kuma fistan suka kawo. A lokacin litar fetur a nan ba ta kai kwabo goma ba. Da akwai ƙasar da shan man rota ba zai dame ta ba, to mu ne, amma ba a kawo mana shi ba. Aka kawo 504, ita ce ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗaukar amarya, kuma a kanta su Kawu suka koyi sana'a. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, masu bora, masu wankin karanshaf, duk a kan fistan aka gina su.

Mazda dai ba ta saki ba. A 1978 ta fitar da RX-7, wadda aka yi ta ƙerawa har 2002, sama da 800,000. A watan Yunin 1991, wata biyu kafin a cire Jigawa daga Kano, motarta 787B mai rota huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Ita ce motar Japan ta farko da ta yi haka, kuma sai 2018 Toyota ta maimaita. RX-8 ta biyo baya daga 2003 zuwa 2012, dokokin hayaƙi suka taimaka wajen rufe ta. A 2023 rota ya dawo a MX-30, amma a matsayin janareto mai cajin batir, ba shi ke juya taya ba.

A Amurka, Ostireliya da Japan, akwai matasan da sana'arsu ke nan, sake gina waɗannan injina. Injin a jere yake kamar an tula faifai: farantin ƙarfe, ɗakin alminiyom, faranti, ɗaki, faranti, dogayen kusoshi sun ɗaure su. Ana kwancewa ɗaya bayan ɗaya, a auna kowane sil da ma'auni, a canja robobin ruwa. Wajen haɗawa, da basilin suke manna ƙananan sil ɗin don kada su zube, basilin ɗin da muke shafawa da hunturu. Mai son ƙarin ƙarfi ba kamshaf zai canja ba, tunda babu shi. Dutsen guga zai ɗauka ya faɗaɗa kafofin da iska ke shiga, kuma in an faɗaɗa da yawa mota takan riƙa wani irin tari a tsaye wanda masoyanta ke mutuwar so. Injin da gangan yake fesa baƙin mai cikin wuta don ya jiƙa sil, shi ya sa da yawansu ke zuba man haɗi a tanki, yadda muke yi wa ƙaramin janareto. Wanda bai san haka ba, ya bar baƙin mai ya yi ƙasa ko ya bari inji ya tafasa sau ɗaya, ya gama da shi.

Abin da ya sami jar motarmu ke nan. Ƙin tashi da zafi alama ce ta matsi ya zube. Na karanta wa Kawu duk wannan, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To a ina ake sayar da sil ɗin?" Aka buga waya Kano, aka buga Legas, kowa sai ya ce sai dai a yi oda daga waje, da dala. Kawu ya kira mai motar ya ce, "Ɗana, ba zan cuce ka ba. In na ce zan gyara, da kuɗinka zan koyi aiki. A sa mata injin Toyota ɗan Beljiyam, ko a Sara ta tsaya maka za ka sami mai duba ta." Saurayin ya yi shiru, don saboda kukan injin nan ya sayi motar. Bayan kwana biyu ya dawo ya amince.

A lissafin kuɗi Kawu ya yi daidai, ban taɓa musu ba, balle yanzu da aka cire tallafin mai tun Mayun 2023. Amma raina bai so ba. Na ga motar bayan an gama, tana tafiya lafiya ƙalau, tana kuka kamar kowace Corolla.

Tsohon injin aka bar mana a gefe, mai gwangwan ya zo zai auna shi a kilo, Kawu ya hana. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babu aiki, ya ce in ɗauko sifana. Muka kwance shi faifai bayan faifai. A ɗaki na biyu sil ɗaya ya karye, gutsuren ya zagaya ya karce bango. Kawu ya sa farce ya bi layin a hankali, ya tambaye ni ko ana bora irin wannan. Na ce a'a, bangon shafen kurom ne, in ya karce haka sai dai sabo. Ya ɗaga rota ɗin ya jujjuya shi a hannu, ya mayar cikin ɗakin, ya juya shi sau uku yana bin kusurwa ɗaya da ido har ya gano inda ake shaƙa da inda ake fitarwa, ba tare da na ce masa komai ba. Sai ya ce, "Da a kan wannan aka koya mana, da mun iya shi."

Rota ɗaya yana nan a garejin har yau, da shi ake danne takardun rasit kada iska ta kwashe. Ɗayan yana kan teburina, ina kallonsa yanzu haka. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan mota a garinsu, musamman in an yi nasarar gyara injin ba a canja ba, ya rubuto min, ina son in yi hira da bakaniken. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.