Tuwon Dare da Agogo: Yadda Girkin Gaggawa Ya Shiga Gidajen Gwandu da Kalgo

Tsakanin la'asar sakaliya da kiran sallar magariba, mahaɗar Kalgo takan cika da masu komawa gida. A nan ne hanyar Bunza da Kamba ta rabu da wadda ta taso daga Birnin Kebbi zuwa Jega, kuma a nan ne ma'aikatan jami'ar tarayya da na asibiti da waɗanda suka yini a ofisoshin babban birnin jiha suke sauka daga mota da babur. Da yawa daga cikinsu mata ne, kuma abin da ya rage musu kafin yara su fara gyangyaɗi bai wuce awa ɗaya ba. Abin da ke cikin ledar hannunsu sananne ne: taliya, ko mudun shinkafa, ko ƙwai da Indomie, da tumatir na leda da 'yan dunƙulen Maggi. Tambayar da ke ransu, wato me za a dafa cikin sauri kuma da araha, tambaya ce da kakanninsu mata ba su san ta ba. A wancan zamani abincin dare shi ne abincin da ba a yi masa gaggawa, domin shi kaɗai ne girkin da gida yake ɗora wa tukunya da sunan ciyarwar maigida.

Tuwon dare yakan fara tun da hantsi. Maigida ya fitar da damin gero ko dawa daga rumbu, mata su yi sussuka, su sheƙe, su surfa a turmi, su bakace dusa, su wanke, su shanya. Sannan a koma daka ko dutsen niƙa, a tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi har ya yi laushi. Sai bayan duk wannan ake zancen ruwa da itace, waɗanda su ma da ƙafa ake nemo su. Talge da tuƙi da muciya da kwashewa da mara, wato abin da ake kira girki a yau, su ne mafi ƙanƙantar aikin. Wanda ya ji lugude yana tashi daga gidaje da rana tsaka, ya san tuwon da za a ci bayan isha'i ne ake shiryawa.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa ga hannu biyu. Gidan gandu ne yake ɗauke da shi: uwar miji, da matan 'yan'uwa, da kishiyoyi masu karɓa-karɓar ranar girki, da 'yan mata masu koyon daka tun tsawonsu bai kai na taɓarya ba. A gidajen sarauta da na attajirai da manyan malamai na ƙarni na 19 kuwa, kuyangi da bayi ne suke wannan wahala, abin da masu yabon tuwon da ba su cika ambatawa ba. Su kansu jagororin jihadi sun lura da nauyin. A cikin Nurul Albabi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali suna ɗora musu girki da wanki kamar su ne farillan da aka halicce su dominsu. Ƙorafin cewa tukunya tana cinye lokacin mace ya haura shekara ɗari biyu a wannan ƙasa, kuma daga bakin malami ya fito a rubuce.

Shi kansa zaman Gwandu yana da alaƙa da abinci. Jama'ar Shehu ta sha yunwa a shekarar farko bayan hijirar 1804, kuma bayan da rundunar Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi a 1805, sai aka dawo Gwandu, kusa da ƙasar Kabi mai fadama da hatsi da makiyaya. Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, zamanin Sarki Halilu, wanda bai yarda ya gana da shi ba. Abin da aka fi tunawa da wannan ziyara shi ne kwafin Tarihin Sudan da ya samu a can, amma ya kuma yaba albasar Gwandu saboda girmanta da kyanta. Har yau albasa ce abin alfaharin maƙwabciyarta Aliero. Shinkafa ma ba baƙuwa ba ce a fadamun gulbin Kabi: irin Afirka mai jan bawo, wanda aka fara nomawa a kwarin kogin Kwara na ƙasar Mali ta yau kimanin shekaru dubu uku da suka wuce, ya daɗe a nan kafin zuwan irin Asiya. Sai dai shinkafar wancan lokaci ba abincin sauri ba ce. Shanshera ce, sai an jiƙa, an turara, an shanya, an surfa, an rege tsakuwa da ƙorai biyu, kuma galibi tuwo ake tuƙawa da ita.

Ba wai Hausawa ba su san abincin gaggawa ba. Sun san shi ƙwarai, amma na rana ne, kuma saye ake yi. Fura, ko hura a bakin mutanen wannan yanki, da ɗanwake da ƙosai da waina da hoce da dafaffen rogo, mata ne suke yin su a cikin gida, yara su fita da su talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki: kasuwa ce cikakkiya da ba ta da rumfa, kowace mace tana dafa abu ɗaya da yawa, tana sayen sauran daga maƙwabta. Da safe ɗumame ne ko koko. Don haka tsarin yana da hikimarsa, ana hura babbar wuta sau ɗaya, ta ciyar da dare da safiya, rana kuma a bar wa 'yan kuɗin hannu.

Miya ma tun asali an rage mata aiki. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da busasshen sure da bandar kifi, duk dabarun adana lokaci ne: an yi wahalar tun da kaka, an ajiye. Daddawa ta fi su. Kalwa takan yini a kan wuta, a cire mata bawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a daka a shanya. Masu sana'arta ne suke ɗaukar wannan ɗawainiya, uwargida kuwa ta saya ta jefa a tukunya. Miyar kuka ba ta buƙatar fiye da tafasa da kaɗi da maburgi. Abin da yake cin yini shi ne hatsi, shi ya sa tarihin girkin gaggawa a ƙasar Hausa kusan gaba ɗayansa tarihin yadda aka raba mace da turmi ne.

Hannayen da ke riƙe da taɓarya sun fara raguwa da zuwan Turawa. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta baki ɗaya. A farkon wannan mulki ne fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, tsohon garin ya zauna da hubbaren Malam Abdullahi da gonakinsa. Abin da ya maye gurbin hannayen da aka rasa ya zo a hankali, kuma mafi girmansa shi ne injin niƙa mai shan gas, wanda ya bazu daga birane zuwa ƙauyuka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Babu wani ƙunshin abinci na kanti da ya sauya rayuwar matan karkara kamar wannan inji mai ƙara da hayaƙi. Aikin awa uku ya koma aiken yarinya da kwano da 'yan kwabbai.

Garin kwaki ta ƙofar yunwa ya shigo. Rogo ɗan asalin Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar teku, kuma garinsa ya hauro arewa a jirgin ƙasa da manyan motoci. Zabarmawa maƙwabta suna kiran yunwar farkon shekarun 1950 da shekarar gari, saboda shi ne ya ceci mutane. Wannan asali ya bar masa tabo na abincin talauci, duk da cewa abinci ne da ba ya neman wuta kafin a ci shi. A jiƙa shi, a zuba ƙarago da mai da albasa da dafaffen zogale, datu ya haɗu.

Labarin Maggi ya fi kowanne kama da halin da matan Kalgo suke ciki yanzu. A shekarun 1880, matan Suwizalan sun shiga aikin masaƙu, ba su da lokacin girki, iyalansu suna ramewa. Wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, tare da wata ƙungiyar jin ƙai, suka nemi mai injin niƙa Julius Maggi ya samar da garin wake da danginsa wanda zai dahu cikin mintuna. Dunƙulen da aka sani ya fito a 1908, kamfanin Nestlé ya haɗe da Maggi a 1947, kuma tun shekarun 1960 yake kasuwannin Najeriya. Abin da aka ƙirƙiro domin a ƙara wa talaka abinci mai gina jiki, a nan ya zama ɗanɗano zalla, mafi yawansa gishiri, ya kuma ture daddawa wadda ita ce take ƙara wa miya amfani. Tukwane da yawa a yau suna haɗa biyun, wanda sulhu ne mai ma'ana.

Shinkafa ta zama abincin sauri ne a zamanin kuɗin man fetur, a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da jiragen ruwa suka riƙa sauke wadda aka gyara a Amurka da Tailan. 'Yar gwamnati, kamar yadda aka raɗa mata, ba ta da tsakuwa, ba ta son regewa, a wanke a zuba. An hana shigo da ita a 1985, aka buɗe a 1995, amma ko a shekarun hani iyakar Kamba da Jamhuriyar Benin ba su da nisa. Yankin da ya fi kowa sanin shinkafa sai ya koma cin ta wasu, domin tasa tana buƙatar rabin awa na tsinta. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, a ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito, a 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Ana ta muhawara kan bashin da ba a biya ba da farashin da bai sauka ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ribar mai girki: injin cire tsakuwa ya sa 'yar gida ta zama abin da za a iya dafawa bayan an taso daga aiki.

A gefe guda, gidan da kansa ya sauya. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya fara ɗauke 'yan mata daga bakin turmi da farantin talla, ko da yake har yau bai ɗauke su duka ba. Ƙirƙirar Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agustan 1991 ta kawo ma'aikata da gidajen haya, jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 kuma ta mayar da Kalgo garin malamai da ɗalibai. Gidan miji da mata da 'ya'ya uku, babu suruka babu kishiya, yana da 'yanci, amma duk kwanakin mako ranar girkin mace ɗaya ce. A irin wannan gida ne Indomie ta sami wurin zama. Momofuku Ando ya ƙirƙiro taliyar gaggawa a Japan a 1958. Samfurin Indunusiya ya shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yin sa a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Ita ce girki na farko da yaro ɗan firamare da magidanci suke yi ba tare da jin kunya ba, kuma teburin mai shayi ya zama wurin cin abincin dare na samari. Laifinta shi ne fulawa ce da mai da gishiri. In babu ƙwai ko kifi ko ganye, ciki kawai ta cika.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, sauri da araha suka raba hanya. Abin da yake dahuwa da wuri, wato taliya da Indomie da shinkafar inji, kuɗi yake ci, kuma alkamarsa daga waje ake sayo ta da dala. Abin da yake da sauƙin kuɗi, wato gero da dawa da masara da wake, lokaci yake ci da makamashi, ga kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas da gawayi suna bin sa a baya. Ma'aikaciyar Kalgo tana da albashi ba ta da lokaci. Matar manomi a ƙauyukan Gwandu tana da rumbu ba ta da kuɗin cefane. Amsar da gidaje da yawa suke komawa gare ta tsohuwa ce: a kai niƙan mako guda inji ranar Asabar, a ajiye garin ɗanwake a haɗe da kuka, a jiƙa wake tun safe a sa masa 'yar kanwa, a yi fate da tsakin masara da sure, a yawaita tuwon yau domin ya kwana. Ɓoyayyen cinikin nan ma ya tsallako daga rana zuwa dare. A unguwannin ma'aikata akwai gidajen da ake tuƙa tuwo da babbar tukunya domin sayarwa, kuma bayan magariba za a ga yara da kwanuka a ƙofarsu, an aiko su sayen malmala huɗu ko biyar, miyar kuma an kaɗa ta a gida.