Haƙƙin Sauya Kamfanin Lantarki da Ƙaidin Mita a Birtaniya: Nazari a Kan Gidajen Arewacin Sikotland

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan mas'alar magidantan Birtaniya waɗanda doka ta ba su ikon sauya kamfanin da ke sayar musu da lantarki, amma irin mitar da aka kafa musu ta hana su cin moriyar wannan iko. An bi asalin waɗannan mitoci, da hukuncin da hukumar gasar kasuwanni ta yanke a 2016, da abin da ya biyo bayan fara rufe siginar rediyon da ke sarrafa su a 2025. Abin da binciken ya rinjayar shi ne, illar tana cikin ƙarfe da waya fiye da yadda take cikin nassin doka.

Gabatarwa

Tun da aka kafa dokar lantarki ta 1989, wadda ta share fagen sayar da kamfanonin gwamnati ga 'yan kasuwa daga shekarar da ta biyo, har zuwa 1999 lokacin da aka kammala buɗe kasuwar ga kowane gida, hujjar da mahukuntan Birtaniya suka dogara da ita guda ɗaya ce, wato matuƙar mai saye yana da ikon juya wa kamfani baya ya koma wani, to tsoron rasa shi zai tilasta wa kamfanoni sassauta farashi da kyautata mu'amala. Malaman fikihu da suka yi magana a kan hiyari a babin ciniki sun riga sun gane cewa yardar da ba ta da mafita ba cikakkiyar yarda ba ce; kuma da wannan ma'auni ne ya kamata a auna halin da gidaje masu mita mai ƙaidi suke ciki. Mai karatu a Kano ko Katsina, wanda tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya a 2013 bai san wani mai kawo masa wuta ba sai na yankinsa, zai iya ganin wannan kuka na masu ƙoshi ne, sai dai sanyin Sikotland ba ya barin a ɗauki al'amarin da wasa.

Asalin mitar da sababin kafa ta

A shekarun da tashoshin kwal da na nukiliya ke samar da wuta dare da rana, alhali buƙatar jama'a tana faɗuwa ƙwarai da zarar dare ya raba, sai hukumomin lantarki suka yi dabarar sayar da wutar dare da rahusa, suka kuma kwaɗaitar da mutane su sayi na'urar ɗumama ɗaki wadda aka cika cikinta da tubali masu riƙe zafi, ta sha wuta cikin dare, ta yini tana sakin ɗumi a hankali. Daga nan tsarin Economy 7 ya fito a 1978, mai awa bakwai na rahusa, kuma saboda ya yaɗu ko'ina, kusan kowane kamfani yana da farashinsa. Don haka ba shi ne abin bahasinmu ba. Mushkilar tana ga 'yan'uwansa da aka keɓe wa yankuna, irin su Economy 10, da Comfort Plus na kudancin Sikotland, da Total Heating Total Control na arewacinta, inda sau da yawa gida ɗaya ke da mita biyu da layin waya biyu, ɗaya na fitila da girki, ɗaya na ɗumama da ruwan zafi, kuma kamfani ne ke da ikon kunna layin ɗumamar da kashe shi daga nesa gwargwadon hasashen yanayi.

Hanyar wannan kunnawa abin mamaki ce, domin umarnin ya riƙa tafiya ne a ɓoye cikin dogon zangon gidan rediyon BBC Radio 4, a kan kilohaz 198, daga tashar Droitwich a Ingila da wasu biyu a Sikotland, tun daga shekarun 1980. Mafi yawan masu irin wannan mita a Orkney da Shetland da tsibiran yamma ba su da bututun gas, saboda haka lantarki a wurinsu lalura ce wadda babu makawa daga gare ta.

Hukuncin 2016 da iyakarsa

Da hukumar kula da gasar kasuwanni, wadda ake kira CMA a taƙaice, ta kammala bincikenta na shekara biyu a watan Yuni na 2016, ta ƙiyasta cewa kimanin gidaje 700,000 ne ke da mita mai ƙaidi, ta kuma lura cewa galibinsu suna nan maƙale da kamfanin da ya gaji tsohuwar hukumar lantarki ta yankinsu, domin sababbin kamfanoni ba su da farashin da ya dace da mitar, shafukan kwatanta farashi na intanet ba su san ta ba, kuma wanda ya nemi tafiya akan ce masa sai ya canza mita, wani lokaci har da wayoyin gida. Sai ta hukunta cewa daga watan Satumba na 2017, duk kamfanin da ke da abokan ciniki fiye da 50,000 wajibi ne ya karɓi irin wannan magidanci a kan farashinsa na bai-ɗaya, ba tare da sharaɗin canza mita ba.

A zahiri wannan hukunci ya buɗe ƙofa, amma idan aka yi tahakiki sai a ga ƙofar ta fi amfanar wanda ya riga ya bar na'urar tubali ya koma wata hanyar ɗumama gida. Shi kuwa wanda mafi yawan wutarsa ke tafiya a ɗumama cikin hunturu, komawarsa farashin bai-ɗaya na nufin ya yar da rahusar da saboda ita aka gina gidansa a kan wannan tsari tun farko, ya sayi wutar dare da kuɗin wutar rana. Abin da Bahaushe ke kira gudun gara a faɗa gidan zago. Hukumar, a ganina, ta yi ƙiyasin mai mita mai ƙaidi a kan mai mita ta gama-gari alhali illar hukuncin ba ɗaya ba ce, domin abin da mai mita mai ƙaidi ke nema shi ne kamfanoni da yawa su yi gasa a kan irin farashinsa, kuma wannan ne hukuncin bai wajabta wa kowa ba.

Rufe siginar rediyo

Da tsufa ya cim ma na'urorin dogon zango, aka fara kashe siginar yanki bayan yanki daga ranar 30 ga Yuni 2025, hukumar Ofgem mai kula da kasuwar makamashi kuma ta matsa wa kamfanoni su musanya tsofaffin mitocin da na zamani masu aika karatu da kansu, don gudun kada ɗumama ta tsaya cik ko ta ƙi mutuwa a gidan da umarni ya daina isa. Mitar zamani tana iya ɗaukar kowane jadawalin sa'o'i, kuma a ƙa'ida wannan ya isa ya warware ƙaidin. Sai dai tana buƙatar hanyar sadarwa wadda ba ta ƙarfi a wasu tsibirai da kwaruruka, tana buƙatar ma'aikacin da zai haye teku ya kafa ta, kuma babu tabbacin sabon farashin zai yi daidai da tsohon a yawan awoyin rahusa. Saboda haka hukuncin wannan nazari shi ne, ba za a ce magidancin Shetland ya sami haƙƙin da aka yi masa alkawari a 1999 ba, sai ranar da aka kafa masa mitar da ke aiki a inda yake, kuma kamfani fiye da ɗaya ya yi masa tayin farashin wutar dare a kanta.