Ƙarfin sabis da na'urar BVAS: me ke hana sakamako tashi daga rumfar zaɓe?

Na'urar BVAS, wadda hukumar zaɓe ta INEC ta fara aiki da ita a 2021, ba ta buƙatar intanet wajen tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska. Buƙatar sabis tana tasowa ne bayan ƙidaya, lokacin da za a ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A a tura shi shafin IReV. A ƙananan hukumomi irin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, inda rumfuna da yawa suke ƙauyuka nesa da turakun sadarwa, a wannan gaɓar ne zargi kan fara.

Sandunan da ke saman allon waya ba ma'auni ba ne abin dogaro, domin kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Ainihin ma'aunin shi ne dBm, wanda ake gani a saitin yawancin wayoyin Android ƙarƙashin bayanin layi. Lambar tana zuwa da alamar ragi, kuma ƙaruwarta rauni ne: a 4G, -80 sabis ne mai ƙarfi, -110 kuwa ya kusa yankewa. Duk faɗuwar maki 3 na nufin ƙarfin ya ragu da rabi. Faɗuwar maki 10, ya koma kashi ɗaya cikin goma.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Turken sadarwa yana da babbar murya, na'urar hannu kuwa ƙarfin da take aikawa da shi a 4G bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ba. Saboda haka tana iya jin turken sarai, har ta nuna sanda biyu ko uku, alhali shi ba ya jin ta. Tura hoto aiki ne na wannan ƙaramar muryar. Shi ya sa saƙo kan shigo, amma hoto ya maƙale.

Rufin kwano, katangar ƙasa mai kauri da kwarin fadama duk suna rage ƙarfin sabis, haka ma cunkoson jama'a a kan turke ɗaya. Ajin firamare mai rufin kwano, inda aka saba fakewa daga rana, yana cikin wurare mafi muni.

Gyaran da ke hannun jami'i kaɗan ne amma yana aiki: fita fili, hawa tudu, ɗaga na'urar, gwada layin wani kamfani, ko komawa 3G idan 4G na rawa. Na'urar ƙara sabis da ake sayarwa a kasuwa ba mafita ba ce, domin hukumar sadarwa ta NCC ta hana amfani da ita ba tare da izini ba.

Rashin sabis yana jinkirta tura hoto, amma ba ya taɓa alƙaluman da ke kan takarda. Wakilin jam'iyya yana da haƙƙin karɓar kwafin EC8A mai sa hannu tun a rumfa, kuma da shi zai gwada abin da ya bayyana a IReV daga baya.