V. S. Khandekar: Malamin ƙauye da ya ɗaukaka adabin Marathi

An haifi Vishnu Sakharam Khandekar a shekarar 1898 a garin Sangli, da ke jihar Maharashtra ta yanzu, a yammacin Indiya.

Shi ne marubuci na farko a harshen Marathi da ya samu lambar yabo ta Jnanpith, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a fagen adabi a ƙasar.

A shekarar 1920 ya kama aikin koyarwa a Shiroda, wani ƙauye da ke gaɓar tekun yankin Konkan, inda ya shafe shekaru 18.

A can ne ya rubuta littattafansa na farko, ciki har da Ulka na 1934, waɗanda suka taɓo batun talauci da rashin daidaito tsakanin al'umma.

Harkar fim

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun fi sabawa da na harshen Hindi, to amma a shekarun 1930 garin Kolhapur babbar cibiya ce ta shirya finafinan Marathi.

Khandekar ya koma garin da zama a 1938, bayan da fim ɗin Chhaya na 1936, wanda ya rubuta wa darakta Master Vinayak, ya fito da sunansa. Daga bisani ya rubuta Devata da Amrit.

Yayati

Sai dai littafin Yayati na 1959 shi ne ya fi ɗaukaka shi.

Ya samo labarin ne daga Mahabharata, tsohon kundin almara na mabiya addinin Hindu: wani sarki da surukinsa ya yi wa baki saboda cin amanar aure, tsufa ya afka masa farat ɗaya, sannan ya karɓi ƙuruciyar ɗansa Puru domin ci gaba da sheƙe ayarsa.

Khandekar ya bai wa sarkin da matansa biyu, Devayani da Sharmishtha, damar faɗin labarin kowa da bakinsa. Hakan ya sa mai karatu ke jin raɗaɗin da kwaɗayin mutum guda ya jawo wa iyalinsa.

A wurinsa, Yayati hoto ne na mutumin zamani da bai san ƙoshi ba.

Littafin ya samu kyautar Sahitya Akademi a 1960, kana ta Jnanpith ta 1974, a lokacin da idanun marubucin suka riga suka raunana.

Ya rasu ranar 2 ga watan Satumban 1976 a garin Miraj.